Tsibiran da Ruwa Ke Kawowa: Ziyarar Masunta Daga Dutse Zuwa Fadamar Haɗeja

Wanda ya san Dutse da duwatsunta da itatuwan dabinonta ba zai yi saurin danganta ta da tsibiri ba, domin tsakanin babban birnin Jihar Jigawa da teku akwai ɗaruruwan kilomita, kuma abin da mutanen gaɓar teku ke kira abincin teku, wato jatan lande da ƙaguwa da danginsu, ba ya cikin cimar mutanen wannan yanki. Duk da haka jihar tana da tsibirai, sai dai ba irin waɗanda ake zanawa a taswira su dawwama ba, tsibirai ne da ruwa ke kawowa a ƙarshen damina ya kuma tafi da su kafin bazara. Sunan jihar kansa, wanda aka raɗa mata da aka ƙirƙiro ta daga tsohuwar Jihar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991, yana ɗauke da bayanin, domin jigawa ita ce tudun rairayi, kuma a arewa maso gabashin jihar jigayi ne ke jere da kwaruruka a tsakaninsu, ta yadda idan kogi ya yi ambaliya ya cika kwarurukan, sai kowane tudu ya zama tsibiri da bukkokinsa da kwalekwalensa.

Ruwan da ke yin wannan aiki daga nesa yake tasowa. Kogin Kano da na Chalawa suna haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, wanda ke bi ta Wudil da Ringim ya shiga ƙasar Miga da Auyo da Haɗeja, shi kuwa Kogin Jama'are daga tsaunukan Jos yake gangarowa ta ƙasar Bauchi. Da suka iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai jigayi sai gudunsu ya ragu, su rarrabu rassa-rassa su bazu cikin fadamu da tafkuna, kafin su sake tattaruwa a wajen Gashuwa su zama Kogin Yobe mai faɗawa Tafkin Chadi. Wannan fili shi ake kira dausayin Haɗeja da Nguru, kuma wani yanki nasa, wato Baturiya a Ƙaramar Hukumar Kirikasamma, ya shiga jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a shekarar 2008 da faɗin fiye da hekta 100,000, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971 domin kare irin waɗannan wurare. Tafkin Nguru da mashigin Marma sun riga shi shiga tun shekarar 2000.

Mazaunin Dutse da ba shi da halin doguwar tafiya yana iya farawa da madatsar ruwa ta Warwade, wadda ba ta da nisa da gari, inda ake su da noman rani, kuma ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, sukan je nazarin ruwanta da kifinta. Amma Warwade tafki ne da aka tare, ba ya numfashi irin na fadama, saboda haka mai son ganin tsibiri sai ya kama hanyar Kiyawa da Jahun ya nufi Haɗeja, daga can kuma ya shiga ƙauyukan Kirikasamma ko Guri, inda kwalta ke ƙarewa kwalekwale ya karɓa. Lokaci ya fi hanya muhimmanci. A watan Agusta da Satumba ruwa yana kan ganiyarsa, hanyoyi sun yanke, kuma masu gida suna fama da kansu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa ruwa yana janyewa, kifin da ya yi ƙiba a cikin ciyawar fadama yana komawa gurbin kogi, sauro ya ragu, kuma a nan ne su yake albarka.

Ruwa a wannan ƙasa yana da masu shi. Kowane tafki da kowane mashigi yana ƙarƙashin wani gari ko wani gida, kuma Sarkin Ruwa, wato shugaban masunta, shi ne ke faɗin ranar da za a buɗe tafki da ranar da za a hana shiga, shi ke sasanta rikicin wuri, shi ake nema kuma idan wani ya nutse. Baƙon kirki yakan fara da gidan mai unguwa ko bulama, ya tuɓe takalmi ya ce, “Ranka ya daɗe,” ya faɗi abin da ya kawo shi, sannan a haɗa shi da wanda zai tuƙa shi. A bakin ruwa kuwa gaisuwar ita ce, “Sannunku da aiki, ya ruwa?” kuma amsar da masunci zai bayar, ko da kwalekwalensa cike yake, ba ta wuce “Alhamdu lillahi,” domin ba a ƙirga wa baƙo kamun rana.

Kayan su suna da yawa, kuma kowanne da ruwan da ya dace da shi. Birgi ita ce ragar da ake wurgawa ta buɗe kamar laima ta faɗa kan kifi; kalli raga ce da ake shimfiɗawa a ruwa a bar ta ta kwana, kifi ya sarƙe a cikinta; taru babba ne, sai an taru ake jan sa zuwa gaɓa; mamari kuwa doguwar igiya ce mai ɗauke da ƙugiyoyi masu yawa. Akwai kuma mali, wani tarko mai kama da kwando da aka lulluɓe da raga, wanda sunansa ke nuna ƙasar da masu kawo shi suka fito, kuma idan aka jera irinsa aka datse mashigi gaba ɗaya sai a kira shi dumba, dabarar da ke jawo husuma saboda ba ta barin komai ya wuce zuwa ga na ƙasa. Abin da ya fi ɗaukar idon baƙo shi ne sun gora. Masunci yakan kwanta rub da ciki a kan ƙaton gora mai ƙaramin baki, ya riƙa tuƙa kansa da ƙafafu, koma tana hannunsa, idan ya kamo kifi ya jefa shi cikin goran da yake kwance a kai, ta yadda abu ɗaya ya zama masa jirgi da ma'aji. Wanda ya ga yadda ake lallaɓawa da koma a ruwan da bai kai ƙirji ba zai gane inda karin maganar nan ta “kifi na ganin ka, mai jar koma” ta samo asali.

Kifin da ake kamawa duk na ruwan daɗi ne. Tarwaɗa da karfasa su suka fi yawa, sai ƙurungu mai ƙaya a baya wanda ke gurnani idan an fito da shi, da kawara, da bargi mai manyan ɓawo, da tsage mai haƙora, giwan ruwa kuwa ya zama abin labari idan ya faɗo. Gaiwa ta fita daban, domin tana shaƙar iska, kuma idan tafki ya ƙafe sai ta nutse cikin laka ta naɗe kanta da yauƙi ta yi watanni tana jiran damina, har manoma su tono ta da fartanya a busasshiyar fadama. A tsibiri ba a yi wa kifi ado. Ana fasa karfasa a wanke ta da ruwan da aka kamo ta a ciki, a barbaɗa gishiri da yaji, a ɗora kan garwashi, ko a yi farfesun tarwaɗa da attarugu da albasa da daddawa a ci da tuwon shinkafar da aka noma a fadamar. Abin da ba a ci ba kuwa banda ake yi da shi: a lanƙwasa tarwaɗa a soke wutsiyarta a baki ta zama kamar awarwaro, a jera a kan waya bisa murhun laka, a rufe da tsohon kwano ko tabarma, hayaƙi ya yi ta ratsa ta har ta yi baƙi ta bushe. Wannan banda ce ake cika kwalaye da ita a kasuwar kifi ta Haɗeja, a loda wa motoci zuwa Kano da kudancin ƙasar, kuma sau da yawa wadda uwargida ke saya a Dutse ta biyo ta can.

Bayan ci, babban abin kallo tsuntsaye ne. Lokacin da sanyi ya rufe Turai, agwagin ruwa da wasu ƙananan tsuntsayen bakin ruwa sukan ƙetare Sahara su sauka a wannan dausayi, su tarar da na gida irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela. Saboda su ne Yarima Philip na Ingila ya ziyarci Dagona, a ɓangaren Jihar Yobe, a 1989. Da asuba ake ganin su sosai, daga cikin kwalekwalen da ake turawa da sandar gora ba da inji ba.

Sai dai tsibiran nan ba sa samun ruwa yadda suke samu a da. An kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, ta Chalawa kuma a 1992, kuma tun daga lokacin ambaliyar da ke ciyar da fadama ta koma hannun masu buɗe ƙofar madatsa. Faɗin da ruwa ke mamayewa ya ragu, sannan sakin ruwa da rani domin noman rani da shan birnin Kano ya hana wasu mashigai bushewa, abin da ya ba kacalla, wata doguwar ciyawar ruwa mai kai kamar gero, damar toshe hanyoyin ruwa da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar tsuntsun jan baki mai cinye shinkafa. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun auna abin da fadamar ke bayarwa na noma da kifi da itace, suka nuna cewa ruwan da aka bari ya isa fadama ya fi wanda aka tare domin aikin noman rani na Kogin Kano amfani nesa ba kusa ba. Hujjar tana da ƙarfi, amma masunci ba ya cikin waɗanda ake tambaya kafin a buɗe ƙofa ko a rufe.

Mai ziyara yana da nasa abin kiyayewa. Ruwan fadama da na madatsu, har da Warwade, yana ɗauke da ƙananan katantanwa masu yaɗa tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini, wadda ƙwayarta ke shiga ta fata, saboda haka wanka da iyo ba sa cikin abin da ya kamata baƙo ya yi, komai zafin rana. Kifewar kwalekwale kuwa ta sha cin rayuka a Jigawa, musamman a shekarun babbar ambaliya irin ta 2022, kuma dalilan ba sa canzawa: lodi fiye da kima, tafiyar dare, da rashin rigar kariya, wadda ba kasafai ake samun ta a bakin ruwa ba sai mutum ya zo da abarsa daga gari. Matuƙin da ya ce jirgi ya cika, a jira sawu na biyu, shi ne wanda ya kamata a riƙe sunansa domin dawowa.