Tulu a Ka, Keke a Burji

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Kaura Namoda ya san yadda yarinya take dawowa daga rijiya da tulu cike fal a kanta. Ba ta gaggawa, ba ta kuma tsayawa. Ƙafa na taka rami tana taka tudu, ƙugu na karɓar girgizar, wuya na ɗan lanƙwasawa, amma tulun yana can bisa kamar an dasa shi, ko ɗigo bai zuba ba. Na daɗe ina ganin wannan tafiya kafin in gane cewa ita ce dai tafiyar keke a kan burji.

A Sakajiki na koyi keke, a kan baƙin Rali na kawuna, mai kariya a baya da birkin ƙarfe. Ranar da na fara fita da shi bayan gari, na damƙe kan keken da iyakar ƙarfina, na kafe hannuwa kamar taɓarya. Tsakuwar farko da tayar gaba ta taka, keken ya goce, muka zube tare. Kawu bai yi faɗa ba. Ya ɗaga keken, ya kakkaɓe sirdin, ya ce, "Yaro, sassauta hannu. Ka taɓa ganin innarka ta sandare wuya da tulu bisa kai?"

Ban taɓa gani ba kuwa. Mai koyon ɗaukar ruwa ita ce take sandarewa, ta riƙe tulu da hannu biyu, kafin ta kai gida rabin ruwan ya ƙare a zaninta. Ƙwararriya takan bar tulun ya yi ɗan motsinsa, ita kuma ta bi shi. Haka keke yake so a kan tsakuwa. Tayar gaba za ta riƙa ɗan rawa, tana neman hanyarta tsakanin duwatsu, kuma aikinka shi ne ka bar ta ta nema. Ka tanƙwara gwiwar hannu, ka ɗan ɗaga jiki daga sirdi idan an shiga gargada, ƙafafunka su zama su ne masu shanye bugun. Wanda ya ce sai ya tilasta wa keke bin layin da ya zana a ransa, ƙasa ce za ta karɓe shi.

Sai maganar gammo, wadda a nan ne kwatancin ya fi zama daram. Ba don ado ake naɗa gammo ba. Shi ne yake shiga tsakanin taurin tulu da ƙoƙon kai, ya raba nauyin, ya hana tulun silalewa. Idan an naɗa shi da tauri kamar dutse, tulu zai yi ta tsalle a kai. Idan ya yi sako-sako, zai baje, kai ya ji jiki. Iskar taya ita ce gammon keke. Mu yara muna son mu buga famfo har taya ta yi ƙarar ganga in an ɗana ta da yatsa, muna ganin hakan ne gudu. A kwalta, da gaskiyarmu. A burji kuwa taya mai tauri ba ta kama ƙasa, tsalle take yi daga wannan dutse zuwa wancan, tana jijjiga mutum har haƙori. Mai facin bakin kasuwa ya san wannan ba tare da ma'auni ba: ya matsa tayar da babban yatsa, ya tambaye ka ina za ka da kuma abin da za ka ɗauko, sannan ya rage ko ya ƙara. In ya rage da yawa, gargaren ƙarfe zai cije tub a kan dutse, ka koma neman sholisho da faci a tsakiyar daji. Ga kuma tsidau, wanda ba ruwansa da ƙwarewar kowa.

Ido ma haka. Mai tulu ba ta kallon yatsun ƙafarta, don in ta sunkuya ruwa ya tafi. Gaba take hangowa, ƙafa kuma ta san aikinta. Mai keke da ya ƙura wa dutse ido, to dutsen zai hau. Inda kake son taya ta bi nan za ka duba. A gangara kada ka cafki birkin gaba, ka ja jiki baya ka lallaɓa na bayan. Idan kuma hanya ta faɗa yashi, kamar yadda take yi a mashigun da ke gangarawa gulbin Gagare da rani, kada ka daina feda kuma kada ka murɗa kai. Tsayawa farat ɗaya ita take zubar da ruwan tulu, ita ce kuma take binne taya a rairayi.

Abin da ya sa na tuno duk wannan shi ne ganin yadda hawan keke a hanyar tsakuwa ya zama wasan duniya. A garin Emporia na jihar Kansas a Amurka, mutum 34 ne suka fara tseren mil 200 a kan hanyoyin ƙauye a shekarar 2006. Yanzu dubbai ke zuwa, ana kiran gasar Unbound Gravel. A 2022 hukumar tseren keke ta duniya ta shirya gasar zakarun wannan fanni karo na farko, a yankin Veneto na Italiya. A Kenya ma ana yin irinta a dajin Masai Mara. Kekunansu marasa nauyi ne, wasu ba su kai kilo 10 ba, ga giya, ga taya marar tub wadda ake ɗura wa wani ruwa mai toshe huji da kansa. Amma da na ji faɗin tayar da suka fi so, wajen milimita 40, sai na yi murna har cikin raina, domin tayar baƙin kekenmu inci ɗaya da rabi ce, kusan faɗin ke nan. Hanyar ce ta koya musu abin da ta koya wa iyayenmu, tun zamanin da jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda a 1929 ana kai masa gyaɗa da auduga daga ƙauyuka. Bambancin, su gorar ruwa kawai suke ɗauka, kawu kuwa da buhun gero a kariya yake tafiya.

Mu ba mu da manyan tsaunuka irin na Italiya. Ƙasarmu tudu ce da kwari da fadama, sai duwatsu jefi-jefi, in ka cire irin su Kwatarkwashi can wajen Gusau. Amma abin da waɗannan mutane suke tsallake teku don su samu, muna da shi a ƙofar gida: shiru. Ka fita da asuba lokacin kaka, dawa ta sunkuyar da kai a dama da hagu, ba ka jin komai sai ƙaras-ƙaras ɗin taya a kan marmara da kukan kurciya. Ka wuce 'yar Fulani da ƙwaryar nono a ka, ka kaɗa mata ƙararrawa, ta kauce ba tare da ta taɓa ƙwaryar ba. Mutane sun yi ta bin waɗannan hanyoyi zuwa kasuwar Shinkafi da ta Zurmi, su dawo bayan magariba da hasken dinamo, ba abin da ke ransu sai ƙaya.

Wannan shirun ne aka ƙwace mana, kuma ya fi komai yi mini ciwo. Yau idan hanya ta yi tsit tsakanin Kaura da Shinkafi ko Zurmi, gaban matafiyi faɗuwa yake yi, yana tambayar kansa me ya hana mutane fitowa. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako-mako saboda 'yan bindiga, kuma a watan da ya biyo baya Sakajiki kanta ta sha hari. Mai jin tsoro ba ya iya sassauta hannu. Yana waiwaye, yana kasa kunne ko zai jiyo rugugin babura, kafaɗunsa a ɗaure, ga shi keke a kan tsakuwa ba ya yafe wa mai waiwaye. Yaran da ke zuwa ɗibar ruwa ma na lura tafiyarsu ta sauya. A ayari suke tafiya, da sauri, hannu biyu a kan jarka.

Keken kawu yana nan jingine a zaure, sarƙarsa ta yi tsatsa, tub ya bushe. Da na je gaishe shi bara, na tarar da jikansa yana ƙoƙarin hura tayar baya, yana buga famfo da dukan ƙarfinsa. Tsohon ya miƙa hannu daga kan tabarma, ya matsa tayar da babban yatsa, ya ce, "Ya isa haka nan, ɗan nan. Rage kaɗan." Sannan ya ce masa ya yi wasansa iyakar bakin masallaci, kada ya wuce kuka.