Ɗalibin Abuja da Wayarsa: Wa Ke Riƙe da Wani?

Kafin ɗalibin Jami'ar Abuja ya sauko daga katifa a ɗakinsa na haya a Gwagwalada ko Giri, ya riga ya leƙa guruf ɗin ajinsu a WhatsApp. Dole ce ta sa. A nan wakilin aji ke sanar da cewa an ɗage lakcar ƙarfe takwas, a nan ake turo takardun malami, a nan ake jin an fitar da jadawalin jarrabawa. Wanda datarsa ta ƙare cikin dare yana iya biyan kuɗin mota har babbar harabar da ke kan hanyar filin jirgi, ya tarar da aji wayam. Daga guruf sai TikTok, wai minti biyar kawai, sai Instagram, sai a duba me ake tafka muhawara a kai a X. Rediyo kuwa sai in direban bas ya kunna. Jaridar takarda, da yawansu rabon da su taɓa ta tun wadda aka naɗe musu tsire a ciki.

Haka abin yake a jami'o'in Baze da Nile da Veritas ta Bwari, balle Buɗaɗɗiyar Jami'a mai hedikwata a Jabi, wadda karatunta dama ya jingina da intanet. Kuma kada a yi saurin ɗora wa yaran laifi. Layin wayar hannu ya shigo Nijeriya a 2001, yawancinsu sun zo duniya sun tarar da shi. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Rajistar makaranta, duba sakamako, neman bashin karatu na NELFUND da aka buɗe shafinsa a Mayun 2024, rajistar bautar ƙasa, duk ta nan ake bi. Saboda haka uban da ke cewa "ku ajiye wayar nan" yana ɓata yawunsa ne. Abin tambaya shi ne me ke shigowa ta cikinta, wa ya zaɓo shi, kuma me zai faru ranar da ta yi shiru.

A fara da labarai. Mahaifin ɗalibin nan ya tashi da Sashen Hausa na BBC, wanda ke watsa shiri tun 1957, da Rediyon Kaduna. Su ma suna kuskure, amma akwai edita mai suna da ofis da za a iya tuhuma. Abin da ke zuwa wa ɗalibi a TikTok ko Facebook manhaja ce ta zaɓa. Tana lissafin daƙiƙa nawa ya tsaya a kan kowane bidiyo, wanne ya maimaita, wanne ya tura wa aboki, sai ta ƙaro masa irinsa. Abin da ke tunzura mutum ko ya tsorata shi ya fi riƙe ido, don haka shi ke yin gaba. Sai ka ga mutum biyu a ɗaki ɗaya, kowa da Nijeriyar da yake gani, kowa kuma ya rantse tasa ce gaskiya.

Wanda ya yi wayo a Agustan 2014 zai tuna daren da saƙo ya karaɗe ƙasar nan cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha don kariya daga Ebola. Aka riƙa tashin 'yan'uwa da asuba. Mutane sun kwanta asibiti, har an rasa rayuka, kuma masu digiri na cikin waɗanda suka tura saƙon. A yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, an sha yawo da takardun bogi masu tambarin ƙungiyar ana cewa an janye. Yanzu lamarin ya wuce nan: ana iya ƙera muryar malami ko gwamna a sa masa maganar da bai taɓa yi ba. Kafin ka tura, duba kwanan wata, domin tsohon bidiyon rikici ake yawan sake fito da shi a ce yau ne a Nyanya ko Mararaba. Nemi labarin a kafar da ke da adireshi, irin su Aminiya ko Premium Times. Dubawa da FactCheckHub, duka a nan Abuja, aikinsu ke nan, tantance ji-ta-ji-ta. Hoto kuwa, Google Lens na iya nuna maka inda aka fara sa shi.

Inda abin ya fi damuna shi ne karatun kansa. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, jinga ta zama aikin minti goma. Ɗalibi ya kwafi tambayar malami ya liƙa, amsa ta zubo da Turanci mai santsi, ya sa sunansa da lambarsa ya kai a buga. Abin da da yawa ba su sani ba, irin wannan manhaja tana harhaɗa kalmomin da suka fi dacewa da juna ne, ba ta da kunyar faɗin abin da babu shi. Ka tambaye ta littattafai kan tarihin Gbagyi ko kafuwar Suleja, tana iya jero maka sunan marubuci, da shekara, da kamfanin ɗab'i, har da shafi, alhali littafin bai taɓa wanzuwa ba. Ranar kare firojek, malami ya ɗaga gilashi ya ce, "Kawo mini wannan littafin na 1987 in gani." Nan ido ke raina fata. Ko da ba a kama shi ba, ya yi asarar abin da aka turo shi nema. Wahalar zama da tambaya, a rubuta a goge, a rasa a sake nema, ita ce karatun. A yi amfani da manhajar a fahimci darasin da ya shige duhu, ko a gyara nahawu, babu laifi. Amma duk sunan littafi da adadi da ta bayar, sai an gan shi da ido a wani wuri.

Akwai kuma yadda ake karatun. Takarda mai shafi sittin a kan allon da bai kai tafin hannu ba, saƙo na faɗowa ta sama kowane minti. Ido na bi, kai bai ɗauka ba. Wanda ya kashe data na awa biyu, ko ya buga takardar ya zauna da biro a laburare, zai ga bambanci a mako guda. Mu manya dai ba mu da bakin magana sosai: ginin hedikwatar Laburaren Ƙasa da ke tsakiyar Abuja tun 2006 aka ba da kwangilarsa, yaran da aka haifa a shekarar sun shiga jami'a ba a buɗe shi ba.

Sai aljihu. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari, kuma bidiyo ne ke cinye data, ba takardun karatu ba. Ɗalibin da ya shiga saitin wayarsa ya duba wace manhaja ce ta fi zuƙa zai san inda kuɗin abincinsa ke tafiya. Wannan ƙaramar asara ce idan aka kwatanta da damfara. MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025, kuma sau da yawa ta hannun aboki a guruf ake shiga. Ana turo mahaɗin tallafin karatu na ƙarya a nemi BVN da NIN da lambar da banki ya turo. Banki ba ya tambayar wannan lambar, NELFUND kuma ba ta karɓar kuɗin fom. Manhajojin bashin gaggawa sun sha kwashe lambobin da ke wayar mutum, in ya makara su aika wa iyayensa da malamansa saƙon cin mutunci. Mafi haɗari, wani ya ce ka ara masa asusunka za a turo kuɗi ya ba ka na goro. In kuɗin sata ne, sunanka EFCC za ta gani, kuma ofishinta na nan Jabi. Cacar ƙwallo ta waya kuwa maganarta daban ce, ta cinye kuɗin rajistar mutane da yawa.

Intanet ɗin ma tana ɗaukewa. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, sabis ya yi rauni, tura kuɗi ya gagara a bankuna da dama. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato saboda tsaro, ɗalibai a Abuja suka yi makonni ba su ji muryar gida ba. Ga ɗauke wuta, ga masu fizgen waya a motocin ɓarayi da ake kira "wan cans". Duk wanda babin firojek ɗinsa ke cikin waya ɗaya tilo, ya zuba ƙwansa duka a kwando mai huji. A ajiye kwafi a imel, a buga takardu masu muhimmanci, a riƙe 'yan kuɗi a hannu, a haddace lambar mutum biyu na gida.

Abin da aka rubuta kuma yana da hukunci. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, tana nan tana aiki. A Nuwamban 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse kan saƙo guda da ya wallafa a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, aka kawo shi Abuja aka gurfanar, ya kwana a gidan yarin Suleja kafin a janye ƙarar. Mutane da yawa sun yi tir da kamun, ni ma ina ganin an wuce gona da iri, amma shi ya sha wahalar. Goge saƙo ba ya amfani idan wani ya riga ya ɗauki hotonsa. Masu ɗaukar aiki suna duba shafukan mai nema. Mai burin ƙaro karatu a waje ma ya sani: a 2025 ofishin jakadancin Amurka ya ce duk mai neman bizar ɗalibi sai ya buɗe shafukansa na sada zumunta yadda jami'ansu za su iya dubawa, kuma fom ɗin bizar na tambayar sunayen da ya yi amfani da su a shafukan a shekara biyar da suka wuce.