Shin Ko Kun San? Daga Gurbin Dara zuwa Akwatin Zinare

Shin ko kun san darar da dattawa ke yi a gindin bishiya a Tambuwal da Kebbe ba ta buƙatar ko sisin kwabo? Gurbi 30 ake tonawa a ƙasa, layi biyar, kowane layi gurbi shida. Kowa ya riƙe 'ya'ya 12, wannan da tsakuwa, wancan da tsinke. Sai an gama zubawa ake fara tafiya, gurbi ɗaya-ɗaya. Wanda ya jera uku ya ci ɗa guda na abokin karawarsa. Wanda ya jera huɗu kuwa ya yi aikin banza. Dakarkarin ƙasar Zuru ma gwanayenta ne, Zabarmawa kuma suna kiranta dili. Duk wanda ya taɓa cewa "dara ta ci gida", daga bakin waɗannan gurabun ya aro maganar.

To, a wasu ƙasashen, gata aka yi wa wasa har da ɗakin kwanansa. Da Howard Carter ya gano kabarin Fir'auna Tutankhamun a Masar a 1922, cikin kayan da aka fito da su har da akwatin wasan senet na baƙin katako da hauren giwa, da ɗan aljihun ajiye 'ya'yan wasan. Allon wasan da Leonard Woolley ya tono a tsohon birnin Ur na Iraƙi ya ma girme shi: ya kai shekara 4,500, an ƙawata shi da ɓawon kifin teku da shuɗin dutse mai tsada. Yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na Sikotilan. A 1964 wani dillalin tsofaffin kaya a Edinbura ya sayi ɗan ces guda ɗaya tak a kan fam 5. Ya shekara 55 a hannun iyalinsa, galibi cikin durowa. Ashe ɗaya ne daga cikin 'ya'yan ces na hauren dabbar teku da aka tsinta a tsibirin Lewis a 1831. A 2019 aka yi gwanjonsa a Sotheby's, ya tashi fam 735,000. Ɗa guda fa, wanda ko wasa ba ya yiwuwa da shi!

Wasan Monopoly kuwa, a 1988 wani maƙerin zinare a Amurka, Sidney Mobell, ya ƙera nasa da zinare da lu'ulu'u, aka ƙiyasta shi dala miliyan 2. Legas ta samu nata bugun na kwali a 2012.

Ludon da yara ke rigima a kansa bayan la'asar jikan pachisi ne na Indiya, wanda Sarki Akbar ya sa aka shimfiɗa wa fili guda a fadarsa ta Fatehpur Sikri. Ingila ta rage masa tsawo, ta yi masa rajista a 1896.

Kartar Whot ma Baturiya ce. William Storey ya fito da ita a Ingila a 1935. Can an kusa mantawa da ita, nan kuwa da wuya ka ratsa tasha ba ka ji wani yana ihun "jenaral maket" ba.