FASHIN BAƘI: Dalilin da ya sa sauya murfin tankin man ƙaramin jirgin sama ke buƙatar izinin hukuma

Murfin tankin man ƙaramin jirgin sama bai wuce faɗin tafin hannu ba, amma a Amurka, inda ƙananan jirage suka fi yawa a duniya, sau biyu cikin shekaru biyar Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta ƙasar, FAA, ta fitar da umarnin tilas da ya shafe shi, a 1979 da kuma 1984. Dukkan umarnin biyu sun shafi jiragen kamfanin Cessna, wanda ke ƙera jirage a birnin Wichita na jihar Kansas.

Ayyuka uku ne ke kan murfin: ya hana ruwa shiga tanki, ya hana mai fita, a wasu jiragen kuma ya bar iska ta shiga. Ya gaza a ɗaya, inji na iya mutuwa a sararin sama, kuma yawancin waɗannan jirage inji ɗaya tak gare su.

Yadda ruwa ke shiga

Tankin yawancin ƙananan jirage a cikin fiffike yake, bakinsa na kallon sama. Domin kada murfi ya riƙa tare iska, an ƙera wasu ta yadda suke nutsewa daidai da fatar fiffiken. Illar wannan fasali ita ce ruwan sama na kwanciya a gurbin murfin, zobban roba kaɗai ke tsakaninsa da mai. Idan rana da shekaru suka busar da robar ta tsage, ruwan sai ya riƙa ɗiga ciki.

Lita ɗaya ta man waɗannan jirage nauyinta kusan gram 720 ne, ta ruwa kuwa kilo ɗaya cur. Don haka ruwa ƙasan tanki yake sauka, inda bututun da ke kai mai ga inji yake zuƙa. Shi ya sa kafin tashi matuƙi ke tatsar mai kaɗan daga ƙasan fiffike cikin wani ƙaramin kofi mai haske. Man da aka fi amfani da shi, 100LL, shuɗi ne, saboda haka ruwan kan fito fili a gindin kofin.

Sai dai a jirage irin su Cessna 182 da aka ƙera kafin 1979, tankin jakar roba ce da aka cusa cikin fiffike. Idan ƙasan jakar ya yamutse, ruwa kan maƙale a bayan tamojin, bai isa wurin tatsa ba. Matuƙi ya duba ya ga mai tas, jirgi ya ɗaga hanci ya fara hawa, ruwan ya gangaro cikin bututu, inji ya tsaya a daidai lokacin da babu tazarar neman wurin sauka. Wannan matsala ce umarnin 1984 ya tunkara: ya wajabta binciken murfi da jakar, ya kuma tanadi cewa a wasu jiragen sai an girgiza fiffike kafin a tatsi mai. Masu jirage da dama sun gwammace su koma ga murfi mai tudu, wanda ke rufe bakin tankin kamar lema, ruwa ya zube ta gefe.

Idan mai ya zube, ko iska ta kasa shiga

Jirgi na tashi ne saboda matsin iskar da ke saman fiffike ya gaza na ƙasansa. Murfin da bai rufu da kyau ba yana zaune ne a tsakiyar wannan zuƙa, sai ta riƙa tsotso mai tana watsarwa. A jirgin da fiffikensa ke bisa kan matuƙi, da wuya ya ga abin da ke faruwa. Idan tankin na roba ne, zuƙar kan ɗago ƙasan jakar tare da ma'aunin mai, allura ta ci gaba da nuna akwai mai alhali tanki ya kusa ƙarewa.

Matsala ta uku duk wanda ya taɓa huda gwangwanin madara ya san ta: ƙofa ɗaya ba ta zuba sosai sai an huda ta biyu. Yayin da inji ke shan mai, dole iska ta cike gurbinsa. Bututun iskar kuwa ƙanƙara na iya toshe shi, zanzaro ma na iya gina ɗakinsa a ciki. Umarnin 1979 ya wajabta sanya murfi mai ƙofar iska a jiragen Cessna da dama, domin tanki ya sami hanyar numfashi ta biyu.

Me ya sa sai da izini

Kowane samfurin jirgi yana da takardar shaidar ƙira, kuma murfi na cikin abin da aka gwada kafin a ba da ita. Wanda ke son sayar da sabon fasalin murfi sai ya gabatar wa hukuma hujjar cewa ya dace da wannan samfurin, ta ba shi takardar ƙari da ake kira STC. Injiniya mai lasisi ne zai ɗaura, ya rubuta aikin a littafin tarihin jirgin, ya sa hannu. Murfin mota ko na tarakta na iya shiga bakin tankin daram, amma babu wanda ya gwada ƙofar iskarsa ko robarsa a kan wannan jirgi.

Inda abin ya shafi Najeriya

A tsarin hukumar ICAO ta duniya, ƙasar da aka tsara jirgi ita ke sanar da gyaran da ya zama tilas, ƙasar da aka yi masa rajista kuma ita ke tabbatar da an aiwatar. A Najeriya wannan nauyi na kan hukumar NCAA, kuma ya haɗa da ƙananan jiragen da ɗalibai ke koyon tuƙi da su, kamar na Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa a 1964.

Ruwa a cikin mai bai tsaya kan ƙananan jirage ba. A watan Yulin 2023 NCAA ta dakatar da jiragen Boeing 737 na kamfanin Max Air, kuma cikin dalilan da ta zayyana har da gurɓataccen mai da aka samu a tankin ɗaya daga cikinsu a Yola. Murfi hanya ɗaya ce kawai cikin hanyoyin da ruwa ke bi, amma ita ce mafi sauƙin toshewa. Abin da hakan ke buƙata shi ne injiniyan da zai sauya zoben roba kafin ya tsage, da jami'in hukuma da zai buɗe littafin jirgi ya tabbatar an yi.