Malaman Ingilishi baƙi: an yi su, sun wuce, wa zai maye gurbinsu?

A ƙasar Kurfai, idan aka ce mutum ya ji turanci, Faransanci ake nufi. Amma Bakurfayen Sanam ko na Filinge da ya taɓa kai dabbobi Najeriya, ko ya tafi biɗa Kumasi da Ankara, ya san akwai wani turancin, wato Ingilishi, wanda da shi ake cika takardun kwastan da na banki a can. Iyakarmu da Najeriya ta kai kimanin kilomita 1500. Saboda haka tambayar wanda zai koya wa ƴaƴanmu wannan harshe ta shafi ɗan kasuwa kamar yadda ta shafi ma'aikaci.

Farkon waɗanda suka ɗauki wannan aiki baƙi ne. A shekara ta 1961 shugaban Amurka John Kennedy ya kafa ƙungiyar Peace Corps, wadda aka fi sani a nan da Corps de la Paix. A 1962, zamanin shugaba Diori Hamani, ƴan aikin sa kai na farko, su 7, suka sauka Nijar, aikinsu kuwa koyar da Ingilishi. Lokacin ƙasa ba ta daɗe da samun mulkin kai ba, ƴan ƙasa masu takardar koyarwa a kwaleji ba su da yawa. Ƙa'idar ƙungiyar ita ce kowa ya yi shekara 2, ana ba shi kuɗin guzuri daidai zaman wurin da aka kai shi. Daga baya aka riƙa horar da sababbin zuwa a Hamdallaye, kan hanyar Yamai zuwa Filinge, inda suke koyon Hausa ko Zabarmanci, kowa kuma a raɗa masa suna irin namu. Bayan Amurkawa, akwai kuma ƴan Gana da suka koyar da Ingilishi a makarantunmu.

Aikin ba sauƙi gare shi ba. Yaro yana fara Ingilishi ne a ajin farko na kwaleji, alhali bai gama ƙwarewa a Faransanci ba, a gida kuma Hausa yake yi. Malami baƙo yana tsaye gaban aji cike maƙil, littafi ɗaya hannun yara da yawa, ga zafin bazara, ga kewar gida. Amfaninsa shi ne yara suna jin harshen daga bakin mai shi. Illarsa kuwa, baƙo raɓa ne: lokacin da ya fara gane ɗalibansa, lokacin ne wa'adinsa yake cika.

A watan Janairu na 2011, bayan da aka sace wasu Faransawa 2 a tsakiyar Yamai, ƙungiyar ta dakatar da aikinta ta kwashe mutanenta. Kafin nan fiye da mutum 3000 sun yi aiki a Nijar, a fannin ilimi da lafiya da noma. Yau nauyin koyar da Ingilishi yana wuyan ƴan ƙasa, galibi waɗanda suka fito daga jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Su ma idan an tura su wuri mai nisa irin Sanam, kusan baƙunta ce suke yi, musamman da rashin tsaro ya sa aka rufe makarantu masu yawa a jihar Tillaberi.

Ga shi kuwa buƙata ta ƙaru. Kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan ma'aikacin gobe ba shi da makawa sai ya iya shi, ɗan kasuwa kuma ya huta da biyan tafinta.

Abin da ya rage gare mu a bayyane yake. Malamin da aka turo mana, a sama masa masauki, a kula da shi kamar yadda iyayenmu suka kula da baƙin jiya. Hukuma ta biya shi haƙƙinsa kan lokaci. Masu hali kuma su taimaka da littattafai, su tallafa wa ƴaƴan yankin da suke son karanta Ingilishi a jami'a, domin ɗan gari ne malamin da ba ya haɗa kaya bayan shekara 2.