Kalmar "Basalte": Asalinta da Matsayinta a Hausa

Ɗalibin da ya tashi a Dakoro yakan gamu da kalmar basalte a littafin Faransanci tun bai taɓa ganin dutsen da ido ba, domin ƙasar tasu ta rairayi ce. Sai an nausa arewa zuwa duwatsun Azbin, ko kudu zuwa tuddan Jos da Biu a Nijeriya, sannan a tarar da shi. Dutse ne baƙi, mai nauyi da tauri, wanda ke samuwa idan narkakken dutsen da ƙasa ta amayo ya huce da sauri ya daskare.

Ita kuwa kalmar, kuskuren alƙalami ne ya haife ta. Masanin Rum, Filini, wanda ya rasu a shekara ta 79 Miladiyya, ya ambaci wani dutse mai launin ƙarfe da taurinsa, ya kira shi basanites. Tushen wannan suna shi ne basanos na Girkanci, wato dutsen da ake goga zinariya a kansa don a gane ta ƙwarai da ta jabu. Masana da dama suna danganta shi da behen, sunan da Misirawan dā suka ba wa dutsen da suke fasowa a Wadi Hammamat, wanda ma ba na aman wuta ba ne. Masu juyar littafin Filini da hannu suka yi tuntuɓe, suka rubuta basaltes. A 1546 Bajamushe Georgius Agricola ya ɗauki gurɓataccen sunan ya laƙaba wa baƙaƙen duwatsun Stolpen, kusa da Dresden, daga nan ya bazu cikin harsunan Turai.

Matsalar tana ga malamin da zai bayyana darasin da Hausa. "Baƙin dutse", ko "baƙin dutsi" a bakin mutanen Maraɗi, ya yi faɗi da yawa, don launi kaɗai ya nuna. "Marmara" kuwa sam ba ta dace ba, tunda ja ce, kuma ruwa da zafi ne suka samar da ita. Idan aro za a yi, Hausa ba ta rufe kalma da baƙaƙe biyu, saboda haka sai a ce "bazalti". Amma "baƙin dutsen aman wuta" ya fi shi amfani a aji, domin ya faɗi launin da kuma mafarin dutsen, abin da kalmar Turawan ba ta taɓa faɗa ba.