Samaru da Maƙwabciyarta

Jama'a, yau za mu ba ku labarin wani gari da maƙwabciyarsa. Garin shi ne Samaru, a ƙasar Zazzau, a kan hanyar da ta tashi daga Zariya zuwa Funtuwa. Maƙwabciyar kuwa ita ce Jami'ar Ahmadu Bello. Jami'a, watau babbar makarantar da ɗalibi ya ke shiga bayan ya ƙare sakandare. A nan a ke koyon aikin likita, da shari'a, da ilmin noma, da sauransu. Hanyar mota ce ta raba su, jami'a a wannan hannu, gari a wancan.

Cikin 1922 gwamnati ta kafa gonar gwaji a Samaru, don a riƙa gwada iri da taki. Bayan shekara arba'in, ran 4 ga Oktoba 1962, aka buɗe jami'ar, aka sa mata sunan Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa. Gonar gwaji ta koma ƙarƙashinta, ita ce yanzu Cibiyar Binciken Aikin Gona. Magina da leburori da 'yan kasuwa suka yi ta zuwa neman abinci, har Samaru ta zama babban gari.

Zama ya haɗa su sosai. Ɗalibai da yawa a cikin gari su ke kama hayar ɗaki, a kasuwar Samaru su ke cefane. Mutanen gari kuma da yawa a jami'a su ke aiki. Amma an ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Mutane sun yi yawa, kuɗin haya ya hau, shara ta ƙaru. To, yaya maƙwabta irin waɗannan za su amfani juna? Bari mu duba abu uku.

Na fari, iri. Cikin 1975 kuturtar gyaɗa ta auka wa gonakin Arewa. Wani ɗan ƙwaro ne, darɓa, ya ke ɗaukar cutar daga wannan shuka zuwa waccan. Gyaɗa ta tsugune, ganyenta ya murɗe, ba ta yi 'ya'ya ba. Manoma da yawa suka daina shuka ta. Malaman gona na Samaru suka duƙufa shekara da shekaru suna auratayyar iri, har suka sami waɗanda cutar ba ta kayar da su. In kun ga an rubuta SAMNUT a jikin buhun iri, gyaɗar Samaru ce. SAMMAZ masara ce, SAMSORG dawa, SAMPEA wake, SAMCOT auduga. Wannan SAM ɗin farkon sunan Samaru ne.

Amma ku lura, malami ba ya gama aikin nan shi kaɗai. Irin da ya yi kyau a gonar gwaji, inda akwai taki da ma'aikata, sai an kai shi gonar talaka an gani. Manomi ne zai ce wannan dawa ta cika jinkirin nuna. Uwargida ce za ta ce wannan tuwonta ba ya kwana. In ba su yarda ba, iri ya zauna a sito.

Na biyu, sani. Kada ku zaci kullum jami'a ce ke koyarwa, ƙauye na saurare. Dā malaman gona sukan ce wa manomi ya shuka abu ɗaya tak a gona ɗaya. Manoma suka ƙi, suka ci gaba da haɗa gero da dawa da wake kamar yadda suka gada. Aka riƙa cewa taurin kai ne. Cikin 1966 da 1967 wani Bature malamin jami'ar, sunansa David Norman, ya shiga ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau da ma'aikatansa, watau Hanwa, da Doka, da Ɗan Mahawayi. Suka auna gonaki, suka rubuta aikin da kowane gida ya yi, da abin da ya girbe. Da aka yi lissafi, sai ga shi gonar da aka haɗa shuka ta fi kawo amfani a kowace eka. Kuma in damina ta yi gardama, wani ya lalace, wani ya tsira. Ashe manoma ke da gaskiya. Daga nan masana suka shiga binciken yadda za a kyautata haɗin, maimakon a hana shi. Labarin ya bazu har ƙasashen waje.

Haka kuma ɗalibai masu koyon wasan kwaikwayo. Cikin 1977 sun tafi Soba sun yi Wasan Manoma. Daga baya suka riƙa shiga unguwannin Samaru suna tambayar mutane abin da ke damunsu, su shirya wasa a kai, su nuna shi a fili. In an gama, kowa ya faɗi ra'ayinsa.

Na uku, ruwa, shi ne mai wuya. Akwai rafin da a ke kira Kubanni, ya ratsa filin jami'a, ya wuce ta Zariya, ya faɗa kogin Galma. A farkon shekarun 1970 jami'a ta datse shi don ta sami ruwan sha. To, ruwan saman da ya sauka a Samaru da gonakin kewaye, can ya ke gangarawa. In an sare itatuwan bakin rafi, aka yi noma har gaɓa, ruwa ya kwashi ƙasa ya kai dam. In an zuba shara a lambatu, can za ta. Yau da gobe yashi da laka suna cike dam ɗin, ruwan da ya ke riƙewa yana raguwa. Manomi ya yi hasarar ƙasarsa mai kyau, jami'a ta yi hasarar ruwa. Masu lambu a ƙasan rafi kuma da ruwan nan su ke ban ruwa, kayan lambun kuwa kowa ke ci.

Kun ga ke nan katanga ba ta tsare wannan. Jami'a tana da masu auna ruwa da masu sanin itatuwa. Gari yana da masu unguwanni, da limamai, da ƙungiyoyin samari masu aikin gayya. Sai an haɗu a ke iya dasa itatuwa a gaɓa, a yashe lambatu kafin damina, a keɓe wurin zuba shara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu ma da ke ƙauye muna da rabo a nan. In akwai kwaleji ko gonar gwaji kusa da ku, kada ku ji tsoron ƙofarta. Ku taru, ku rubuta abin da ke damunku, ko tsutsa ce a wake, ko rijiya ce ta ƙafe, ku kai ta hannun dagaci ko malamin gona. In kuma malamai sun zo da tambayoyi, ku faɗi gaskiyar abin da kuka sani, kada ku rage, kada ku ƙara. Sa'an nan ku roƙe su su komo su gaya muku abin da suka gano.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka kafa gonar gwaji a Samaru?
2. Mene ne malamai suka koya daga manoman Hanwa, da Doka, da Ɗan Mahawayi?
3. Me ke cike dam ɗin Kubanni?
4. Wace damuwa ce a garinku za ku so ku kai wa masana?